Littafin hoto ko bede: wanne ya kamata a saya wa yaro mai koyon karatu?

Da an gama sayen kaye da ardwaz da bik a watan Oktoba, iyaye da yawa a Yamai da Tawa sukan rage da ƴan jikkuna kaɗan da kuma tambaya ɗaya: wane littafi za a ƙara wa yaron nan, wanda ba na lakwal ba, da zai sa ya ɗauki karatu da son ransa? Tambayar tana da nauyi. Binciken PASEC na 2014, mai auna karatun ƴan firamare a ƙasashen Afirka masu Faransanci, ya nuna cewa cikin yaran Nijar da ke ƙarshen firamare, waɗanda suka kai matakin karatun da ake bukata ba su kai ɗaya cikin goma ba. Na 2019 ya nuna ci gaba, amma har lokacin mafi yawansu ba su kai ba. Yaron da littafin aji kaɗai ya taɓa riƙewa yakan ɗauki karatu a matsayin aikin da mushe ya sa shi, ya rufe da zarar an tashi.

Zaɓin da ke gabanku biyar ne: littafin kwali na ƙanana, littafin hoto mai labari, bede, wato labarin zane mai gida-gida, littafin da za ku sauke daga intanet ku buga da kanku, da kuma karatu a kan salula.

Abin da za a auna kafin a fitar da kuɗi

Na farko, wa zai karanta? Littafin da babba zai karanta wa yaro daban yake da wanda yaro zai karanta shi kaɗai. Kuskuren da aka fi yi ke nan: a sayi littafin da aka tsara don uwa ta karanta da babbar murya, a miƙa wa ɗan CP, wato aji biyu na firamare, a ce ya je ya karanta. Zai kalli hotuna, ya ajiye.

Na biyu, harshe. Yaro yana saurin kama karatu cikin harshen da kunnensa ya riga ya sani, domin da ya haɗa "ra" da "go" ya ji "rago", ya san abin da ya karanta. Idan kalmar Faransanci ce da bai taɓa ji ba, ko ya furta ta daidai babu ladan da ya samu. Wannan fahimtar ce ta sa aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, kuma a watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Amma fa yawancin yara har yanzu da Faransanci suke rubuta jarrabawa, don haka gida yana bukatar duka biyun.

Na uku, yawan rubutu da siffar haruffa. Ga gwaji mai sauƙi da za a yi a gaban mai sayarwa: buɗe tsakiyar littafin, yaron ya karanta kalmomi ashirin. In ya yi tuntuɓe a ɗaya, littafin nasa ne. In biyu ne, zai iya da taimakon babba. Daga uku zuwa sama, ya yi masa nauyi, sai dai a karanta masa.

Na huɗu, aikin da hoto yake yi. Rufe rubutun da tafin hannu, ku tambayi yaron me ke faruwa. In ya iya ba da labarin daga hoton kaɗai, mai zanen ya yi aikinsa. In hoton ado ne kawai, furanni da taurari a gefen shafi, ba zai taimaki mai koyo ba.

Sauran ukun su ne ƙarko, kuɗi da haɗari. Ƙarko a ƙasar nan yana nufin jure zafin Afrilu da Mayu da ke wuce maki 40, da ƙurar hunturu, da danshin damina, da gara, da hannun ƙanne. Kuɗi kuma ba farashin ranar saye kaɗai ba ne, a raba shi da yawan lokutan da za a buɗe littafin.

Littafin kwali

Shafukansa masu kauri ne kamar bangon kwali, yawanci goma zuwa goma sha biyu, hoto ɗaya da kalma ɗaya ko biyu a kowane shafi. Na ɗan shekara ɗaya zuwa uku ne. Ba karatu yake koyarwa ba, yana koyar da riƙon littafi, da juya shafi, da kiran sunan abu. Ya fi kowane ƙarko, ana goge shi da ɗanyen tsumma, sai dai in an bar shi cikin ruwa ya kumbura ya ɓare. Kusan duk daga waje ake kawo shi, shi ya sa yake da tsada ga girmansa, kuma hotunan sukan zama na tuffa da dusar ƙanƙara. Harshensa ba matsala ba ne: uwa ta nuna hoton ta faɗi sunan da Hausa. Guda biyu sun ishi gida, su wuce daga wa zuwa ƙane.

Littafin hoto mai labari

Wannan ne ginshiƙin. Yawanci shafi 24 ko 32 ne, babban hoto da layi ɗaya zuwa biyar a ƙasansa. Ido yana da wuri ɗaya da zai je, layi yana tafiya daga hagu zuwa dama ba tare da kwana ba. Wannan yana da muhimmanci ga yaranmu fiye da yadda ake zato, domin da yawansu sun fara da makarantar allo, idonsu ya saba farawa daga dama. Layi miƙaƙƙe guda ɗaya, da yatsan babba yana bi a ƙarƙashinsa, shi ke zaunar da sabuwar alkiblar.

Akwai iri biyu. Na Faransanci da ake shigowa da su suna da takarda mai kyau da launi mai haske. Sabo mai bango mai tauri yakan kai yuro 12 zuwa 15 a can Faransa, ƙaramin bugu mai bango mai laushi kuma yuro 5 zuwa 6. Tunda yuro ɗaya sefa 656 ne, ƙaramin ma ya haura jika uku kafin a ɗora kuɗin dako. Matsalarsu ta ainihi ita ce an rubuta su don yaron da aka haifa cikin Faransanci. Littafin da aka rubuta wa "daga shekara 4" a bangonsa yana iya ɗauke da kalmomin da ɗan CE2 na nan bai taɓa ji ba. Kada ku bi shekarun da ke bango, ku bi gwajin kalmomi ashirin.

Na gida kuwa, waɗanda maɗaba'u irin su Gashingo da Albasa suka fitar a Yamai cikin harsunan ƙasa, sun fi arha, kuma yaro yana ganin duniyarsa a ciki: rijiya, rumbu, amalanke, Gizo da Ƙoƙi. Wahalarsu samu. Ba kowane kanti ke ajiye su ba, bugu in ya ƙare yakan daɗe ba a sake ba. A tambayi malaman makarantu masu harshe biyu, su suka fi sanin inda suke. Mutanen Tawa suna da wata ƙofar, littattafan Hausa na Najeriya da ke shigowa ta Ƙonni. Suna da amfani, amma a lura da abu biyu. Can suna rubuta 'y inda ƙa'idar rubutun Nijar ta 1999 ta ce ƴ, kuma kalmominsu sun ɗan bambanta: fensir da suka aro daga Ingilishi a maimakon kirayo, naira a maimakon dala. Babba ya bayyana wannan sau ɗaya, yaro ya wuce.

Akwai wani tarnaƙi da iyaye ba su cika lura da shi ba. Yaron da ya koyi haruffa a ajin Faransanci, in ya buɗe littafin Hausa, zai karanta "u" da bakin Faransa, ya karanta "c" kamar "k" ko "s", ya tsaya cak a kan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Ba gazawa ba ce. A rubuta masa a ardwaz: u na Hausa shi ne "ou", c shi ne "tch", sh shi ne "ch", sannan a gwada masa bari da ɓari, kafa da ƙafa, dauka da ɗauka. Zama biyu ko uku sun isa ga yaron da ya riga ya iya haɗa baƙi da wasali.

Ta fuskar ƙarko, a duba ƙashin bayan littafin. Wanda aka ɗinke da zare ya fi daɗewa. Wanda aka maƙale da ƴan wayoyi biyu a tsakiya yana biye, sai dai wayar takan yi tsatsa da damina, kuma shafin tsakiya shi ke fara fita. Wanda gam kaɗai ya riƙe shi ne mafi rauni, zafi yana busar da gam ɗin, a buɗe shi sosai sau kaɗan shafuka su fara zubewa.

Bede

Nan ne iyaye suka fi rabuwa. Wasu na ganin wasa ne, ba karatu ba. Wannan ra'ayin bai yi wa bede adalci ba. Iyaye da kakanni da yawa da suka yi lakwal tsakanin 1966 da 1989 da mujallar Kouakou suka fara karanta Faransanci don jin daɗi. Kuma zanen labari ba baƙo ba ne a ƙasar nan: Mustafa Alasan, wanda ya yi shekaru da yawa a Tawa ya rasu a 2015, yana cikin waɗanda suka fara yin fim ɗin zane mai motsi a Afirka tun shekarun 1960.

Ƙarfin bede a bayyane yake. Magana gajera ce, kowace tana fitowa daga bakin mai ita, fuska tana nuna fushi ko tsoro kafin a karanta kalmar. Ga yaron da Faransanci ba harshen gidansu ba ne, wannan babban taimako ne: yana koyon yadda ake magana ta yau da kullum, abin da littafin aji ba ya bayarwa. Ɗan shekara tara ko goma da yake jin kunyar a gan shi da "littafin jarirai" zai riƙe bede da alfahari, ya kai wa abokai.

Amma bede ya fi littafin hoto wuyar karantawa, kuma a nan ake yawan yin asarar kuɗi. Shafi ɗaya yana da gida shida zuwa goma sha biyu, kamar gurbin dara, kuma dole yaro ya san ta inda zai bi: hagu zuwa dama, sannan a sauko layi na gaba. Cikin gida ɗaya, kumfar maganar da ta fi sama ita ake fara karantawa, kuma ƴar wutsiyarta ce ke nuna mai magana. Kumfa mai ɗigo-ɗigon da'irori tunani ne, akwatin da ke saman gida kuma muryar mai ba da labari ce. Tsakanin gida da gida akwai abin da ba a zana ba, yaro ne zai cike shi da hankalinsa: a nan an ɗaga tulu, a can ga shi a fashe. Babu wanda aka haifa da sanin wannan. A zauna da yaro a shafi biyu na farko, yatsa yana bin gidajen, kafin a bar shi.

Sai haruffa. Bede da yawa da manyan baƙaƙe zalla ake rubuta su, ƙanana a matse, alhali ɗan CI da CP ƙananan baƙaƙe da rubutun haɗe yake koyo. Shi ya sa bede na sosai bai cika dacewa da yaro ba kafin ƙarshen CE1. Ga ƙanana a nemi mai gida biyu zuwa huɗu a shafi, mai kumfa ɗaya a kowane gida, ko ma wanda babu rubutu sam, yaro ya ba da labarin da bakinsa.

Kuɗinsa: kundi mai bango mai tauri, shafi 48, yakan kai yuro 10 zuwa 13 sabo, wato jika shida da rabi zuwa takwas da rabi tun kafin ya iso Yamai. Yana da ƙarko, yakan yi shekaru yana yawo tsakanin yaran unguwa. Wurin masu shimfiɗa littattafai a ƙasa a kewayen babbar kasuwa ana samun na hannu da rahusa sosai, da tsofaffin mujallun yara masu ƴan shafukan bede a ciki. Kafin a biya, a ƙirga lambobin shafuka har ƙarshe, domin na ƙarshen ne suka fi ɓacewa, kuma labarin da ba shi da ƙarshe yana kashe wa yaro gwiwa. A kaɗa littafin a ga ko garin gara zai zubo. In ya zubo, kada a kai shi kusa da sauran littattafan gida.

Haɗarinsa ya fi na sauran. Zane ba ya nufin na yara ne. Akwai bede na manya masu tsiraici da shan giya da zubar da jini, bangonsu kuma bai bambanta da na yara ba. Wasu tsofaffi na zamanin mulkin mallaka suna zana baƙar fata a siffar wauta, abin da bai kamata ɗanmu ya fara ganin kansa a cikinsa ba. Manga na Japan kuma daga dama ake karanta shi zuwa hagu, yawancinsa na matasa ne, zai rikita wanda alkiblar bokonsa ba ta zauna ba. Babba ya duba kowane shafi kafin ya miƙa. Minti biyar ne.

Wanda za ku buga da kanku

A ganina wannan ce hanyar da ta fi riba ga mai ƙaramin ƙarfi, kuma ita ce aka fi mantawa da ita. African Storybook na Afirka ta Kudu, da StoryWeaver na Indiya, da Bloom Library duk suna da littattafan hoto kyauta, har da na Hausa da Faransanci, ƙarƙashin lasisin da ya yarda a sauke a buga. An jera su mataki-mataki: African Storybook yana da matakai 5, daga kalmomin farko zuwa na karanta wa yaro. Ana iya samun labari ɗaya cikin harsuna biyu, a karanta na Hausa yau, na Faransanci gobe, ma'anar ta riga ta shiga.

Ga lissafin. Takardar A4 in an naɗe ta biyu tana ba da shafi huɗu, don haka littafi mai shafi 16 takarda huɗu ce gaba da baya, fuska takwas. In mai fotokopi yana karɓar dala biyar a fuska, littafin ya tashi dala arba'in, sefa 200. In mai launi ne a dala talatin, ya zama sefa 1,200. Kuɗin bede sabo guda ɗaya zai fitar da littattafai baƙi da fari sama da talatin.

Abubuwan da ke ɓata aikin sanannu ne. In ba a sauke samfurin da aka tsara don bugawa ba, shafuka za su fito a hargitse. Hanyar dubawa: a littafi mai shafi 16, lambobin shafuka biyun da ke fuska ɗaya dole su haɗu su ba da 17, wato 16 da 1, 2 da 15, haka har tsakiya. A buga gwaji ɗaya tukuna. In kwamfutar ba ta da haruffa masu ƙugiya, ƙ da ɗ za su fito kamar ƴan akwatuna, don haka a kai fayil ɗin a PDF. Mai son tsara nasa ya yi amfani da salon haruffa na Andika, kyauta ne, an yi shi don masu koyon karatu, yana da ƙugiyoyin duka. Girman 26 zuwa 30 ga ɗan CI, 18 zuwa 20 ga ɗan CE1. Hoto mai duhun baya yakan koma baƙi ƙirin a fotokopi, a zaɓi masu zanen layi, yaro ya shafa launi da kansa. Tawadar ruwa tana narkewa da ɗigo ɗaya ko gumin hannu, ta gari ba ta yi. Takarda mai nauyin giram 80 ta isa ciki, bango kuwa a sa mai kauri, giram 160 zuwa sama, a ɗinke tsakiya da zare da allura, a bi ƙashin baya da sikoc mai faɗi. Kuma tunda masu sa kai ne suka fassara da yawa, ingancin Hausar ba ɗaya ba ne. A karanta da babbar murya kafin a buga, in bakinku ya yi tuntuɓe, na yaro ma zai yi.

Salula

Littattafan nan dai su ne, ba tare da kuɗin bugu ba, sai ƴan mega na saukewa. Tana da amfani wajen tantance wanda ya cancanci a buga, da lokacin tafiya. Amma allon ƙarami ne, shafin bede ba ya karantuwa sai an yi ta ja da yatsa, wayar ta baba ce tana fita da shi, kuma bidiyo yana nan kusa yana kira. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada ɗan ƙasa da shekara biyu ya zauna kallon allo, ɗan biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini.

| Iri | Shekaru ko aji | Kuɗi | Ƙarko | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Kwali | 1 zuwa 3 | Tsada | Sosai | Saurin wuce shi |
| Hoto na Faransanci | A karanta wa yaro daga 3, shi kaɗai daga CE1 | Tsada | Mai kyau | Kalmomi masu nauyi |
| Hoto na Hausa | Jardan zuwa CE2 | Matsakaici | Ya danganta da ɗinki | Wuyar samu |
| Bede | Ƙarshen CE1 zuwa sama | Tsada sabo, arha na hannu | Sosai | Abin da bai dace ba |
| Bugun kai | Kowane mataki | Mafi arha | Kaɗan | Fassara da bugu marasa kyau |
| Salula | Tare da babba | Mega kawai | Ba ya lalacewa | Shagala |

Wanne ga wa

Ɗan ƙasa da shekara uku: kwali ɗaya ko biyu, sauran kuɗin a ajiye. Ɗan jardan da CI: littafin hoto na Hausa, babba yana karantawa minti goma zuwa sha biyar bayan sallar isha'i, labari ɗaya a maimaita har yaro ya fara riga ku faɗin layin. Ɗan CP da CE1 da ya fara haɗa kalmomi: bugun kai na mataki na 1 da na 2, goma ko fiye, domin a wannan lokacin yawa yake bukata, ba kyan takarda ba.

Ɗan CE2 zuwa CM2 da ya iya karatu amma ba ya so: bede, kuma a nemi jerin da ke da kashi-kashi, don ya nemi na gaba da kansa. Wanda ya kai wannan aji amma har yanzu yana tuntuɓe: bede mai ƙaramin rubutu don mutuncinsa a gaban abokai, da ƙananan littattafan Hausa a gida don gyaran tushe.

Gidan da iyaye ba su yi boko ba: littafi mai hoton da ke ba da labari shi kaɗai. Inna ko kaka ta tambaya, "Wane ne wannan? Me ya same shi?", yayan da ke CM kuma ya karanta rubutun. Gida mai yara da yawa, ko malamin da ke son kusurwar karatu a aji: akwatin ƙarfe mai murfi, a ɗora shi kan bulo don gara, a cika shi da bugun kai talatin da bede na hannu biyar, a rubuta sunan mai aro a kaye. Mazauna Yamai kuma, kafin su sayi bede sabo, su kai yaron ɗakin karatu na cibiyar al'adu ta Umaru Ganda ko wani na kusa, su ga irin wanda hannunsa yake komawa kai, sannan su sayi wannan.